Katin madubi

'Yan uwa, yau ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wani fim ɗin ban tsoro na tsohon gida na kalla, sai na yanka kwali na zana katuna irin na masu duba: madubi, rijiya, ƙofa. A bayan kowanne na rubuta tambaya da amsata, don in yi wa kaina hisabi.

Ina jera su a kafet sai ga maƙwabciyarmu Anti Hajara.

"Maryam, duba a Riyad? Kin gaji da iƙamarki ne, so kike a kore ki daga ƙasar?"

Na ce, "Wallahi Anti ba duba ba ne. Ɗauki ɗaya ki gani."

Ta ɗauki madubin, ta karanta a fili: "Gulmar wa na fi yi?"

A ƙasa, da hannuna na rubuta: Anti Hajara.

Ta ajiye min dambun da ta kawo, ta fita.