Neman labarin Sani a Aliero

Ranar da rediyo ya ce ana kwaso sojojinmu daga Laberiya, Inna ta share ɗakin ƙanena Sani, ta shanya tabarmarsa. Shekara biyu ke nan ba wasiƙarsa. Sai wani direba ya gaya mini cewa an kawo wani soja abokin aikin Sani Aliero, wajen masu ɗori.

Mun tashi da asuba daga Giwa Tazo, ni da wani maƙwabcina. A Maiyama muka sami a-kori-kura, mu da awaki, kuma awakin sun fi mu samun wuri. Gero ya yi kyau a bakin hanya. A Jega muka sha fura, ana ta musu kan dawowar sojoji. Wani mahauci ya ce gara kowa ya koma gidan ubansa. Na sayi ƙwaryar goro, ban san ko na murna ba ne ko na sadaka.

Tun kafin a shiga Aliero ake jin warin albasa. Muka tarar da sojan a zauren mai ɗori, ƙafarsa ɗaure da karare. Da na faɗi sunana, ya daɗe yana duban ƙasa.

"Yaya, sai haƙuri," in ji shi. "Da hannuna na sa shi ƙasa."

Ya ce a bayan masallacin wani ƙauye da suke gadi suka binne shi, limamin garin ya yi alkawarin kula da kabarin. Ranar da aka janye su, mutanen ƙauyen suka biyo motocinsu da kaya a kai, suna roƙo kada a bar su. Ba a ba su izinin ɗaukar kowa ba. Daga baya ya ji cewa garin ya watse, wasu sun tsallaka ƙasar da ke maƙwabtaka. Limamin ma, sojan bai san inda yake ba.

Na bar masa rabin goron. A hanyar dawowa na yi ta tunanin mutanen nan. Mu muna roƙon a dawo da soja, su suna roƙon kada ya tafi, ban taɓa sa su a addu'a ba.

Mun iso gida da la'asar. Inna ta sake share ɗakin. Ta dubi goron, ta tambayi hanya, na ce lafiya lau. Yau kwana uku, ban gaya mata ba.