Sojojin Dalma Arba'in da Na Kai Lafia

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da abokina, ina rungume da gwangwanin biskit kamar mai jego da jaririnta. A cikinsa akwai sojoji arba'in na dalma, kowanne ya kai tsawon babban yatsana, waɗanda na shafe wata uku ina zubawa a shagona na gyaran rediyo a Jos. Lafia muka nufa, kuma na riga na yi wa kaina alkawari ba zan dawo ba sai rundunar nan ta hau tebur ta gwabza.

Ga yadda abin ya samo asali. Ƙanin matata da ke aiki a Lafia ne ya kawo min fotokwafin wani ɗan littafin Turanci, na wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da 'yan mutum-mutumi. Yaƙin ma ba a duniyar nan ake yin sa ba, can wata duniya ce cikin taurari, a zamanin da bai zo ba. Ya ce wani tsohon safiyo a unguwar Bukan Sidi ne ya zo da wasan daga inda ya yi karatu a Turai, kuma duk Asabar yana baje teburinsa. Na karanta littafin sau uku, na ƙura wa hotunan ido, na yi mazubi da yumɓu, na hau narka dalma.

Da rigar sanyi muka baro Jos, kafin mu kai Akwanga kowa ya tuɓe tasa. A wani shinge ɗan sanda ya ce in buɗe gwangwanin. Ya leƙa, ya ɗago ɗaya, ya ce, "Oga, juyin mulki za ku je yi?" Duk motar aka kwashe da dariya, ni kuwa hankalina na kan bindigar sojan kada ya lanƙwasa ta. A Akwanga muka karya da ƙosai da kunu, muka sayi ayaba. Daga nan sai duwatsun Nasarawa Eggon, sai Shabu, inda garken shanu ya tsare mu, ga 'yan acaɓa ɗauke da ɗaliban aikin gona. Doya kuwa jibge a bakin titi, kuɗin da ke sayen uku a Jos a nan biyar yake ɗauka.

Zafin Lafia ya tarbe mu tun daga tasha. Ɗan acaɓa ya sauke mu a gindin wani mangwaro, inda aka ɗora tsohon ƙyaure a kan duro biyu, an shafe shi da jan fenti. Tsohon safiyon na zaune da rula a hannu, tare da wani Batibi dillalin doya da wani Bafulatani mai sayar da maganin dabbobi. Muka gaisa, aka ba mu ruwa, na matsa kusa da teburin. Na sunkuya na duba.

Sojojinsu ko ƙwayar wake ba su kai ba. Biyar-biyar aka manna su a kan tsofaffin kwabbai. Tankokin yaƙinsu, masu shawagi ba taya, girman kwanson gyaɗa ne. Gidaje kwalin ashana, tuddai fasassun ƙwarya, bishiyoyi soso. Ashe wanda ya yi fotokwafin ne ya ƙara wa hotunan girma don su fito sosai, ni kuma na bi hoto ban tambayi kowa ba.

Na buɗe gwangwanina. Tsohon ya ɗauki ɗaya, ya tsayar da shi kusa da kwalin ashana, sojana ya kusa yi wa gidan kallon ƙasa. Ya ce, "Ɗana, aikinka ya yi kyau, amma ba zai shiga ba. A wasan nan awo shi ne komai."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Amma na ce, "Baba, daga Jos na taso. Ko a kashe su duka a zagayen farko, a bar su su hau."

Dillalin doyan ne ya cece ni. Ya ce, "Abeg Baba, ka bari shi. Ba akwai wancan babban mashin mai tafiya da ƙafa a littafi ba? Wannan soja nashi ya zama shi mana." Tsohon ya buɗe littafi ya duba, ya ce an yarda, amma doka ta ce uku kacal. Cikin arba'in na zaɓi uku, sauran suka koma gwangwani.

Aka koya min wasan ina yi. Ana yin zagaye biyar. A kowane zagaye kana matsar da rundunarka iya incin da littafi ya ba kowane iri, da rula ake aunawa. In za ka yi harbi, sai ka sunkuya ka daidaita idonka da kan sojanka. Abin da ka hango shi za ka iya harba. Sannan ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita ke nuna ka samu ko ka kuskure. Wanda ya ɓuya bayan gida ko tudu ya fi wuyar samu. Wanda ke riƙe da tankin ruwan tsakiyar gari a ƙarshe shi ya ci, tankin kuwa marfin kwalba ne. Abokina, da ya yi ta tsoron ko caca ce, ya ga ko sisi ba a ajiye ba, sai ga shi yana riƙe min rula.

Da Bafulatanin na kara. Mutum ne mai haƙuri, ya yi ta lallaɓa 'yan sojojinsa bayan ƙwarya yana kewaye ni kamar mai tattaro maruƙa. Nawa kuwa ba inda za su ɓuya, ta ko'ina ana hango su. Na fasa masa tanka biyu, na yi ihu har kajin gidan suka watse. A zagaye na huɗu sojana na ƙarshe ya faɗi, taku ɗaya tsakaninsa da marfin kwalbar. An cinye ni, amma ban taɓa jin daɗin shan kaye irin na ranar ba.

Bayan la'asar muka ci sakwara da miyar agushi. Da za mu tafi, tsohon ya ɓanɓaro soja ɗaya daga kan kwabo, ya naɗe a auduga, ya sa a kwalin ashana. Ya ce, "Irinsa ba a samu a ƙasar nan, kuma tun da na dawo da su ban taɓa raba su ba. Ka auna da shi, ka dawo min da shi da hannunka."

Washegari muka iso Jos da doya biyar da kwalin a aljihun ƙirjina, ina shafa shi a duk ramin da mota ta faɗa. Abin da tafiyar ta koya min shi ne in je in ga abu da idona kafin in zuba masa wata uku. Ukun da suka yi yaƙi na jera su a kan kanta. Na yi sabon mazubi daidai awon sojan Baba, sauran talatin da bakwai kuwa na hura musu gawayi. Da na jefa na farko a ludayi na ga fuskarsa tana narkewa, sai da na kau da kai. A cikinsa kaɗai na fitar da ƙanana goma sha biyu, na jera su kusa da na Baba, kansu ɗaya.