Ranar da Kawu Altine ya sauke albasarsa a bakin hanya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Altine, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa a fadamar Wurno. Allah ya jiƙansa. Bai riƙe muƙami ba, bai yi boko ba, amma in an tambaye ni wanda ya sa na zama malamar makaranta, sunansa nake fara kira.

Tun muna ’yan sakandare motar da ke kai mutane Sakkwato ba ta da lokaci. Daga Goronyo take tasowa, kafin ta iso gare mu ta cika. Wata rana ma ba ta zuwa sam. Ka ji an ce taya, ka ji an ce mai, ka ji an ce direba ya samu shatar ’yan biki. Ma’aikata da masu zuwa asibiti da ɗalibai, inuwa ɗaya muke tsayawa, kowa ya zuba wa hanya ido.

Ranar jarrabawar shiga kwalejin horon malamai mu biyar ne daga garinmu, kuma ƙarfe tara za a rufe ƙofa. Tun bayan asuba muna bakin hanya. Da bakwai ta gota ba mota, ƙawata Rabi ta ce za ta koma gida ta roƙi yayanta ya kai ta a babur. Na ce ta ƙara haƙuri, ta ce haƙurin ne ya ishe ta.

Ba ta jima da tafiya ba sai ga akori-kurar Kawu shaƙe da buhunan albasa. Ruwan dam bai daɗe da fara isa gonakinsu ba, wannan ne noman rani na farko da ya yi masa kyau, kuma tirelar masu saye na jiransa a wata kasuwa da ba ta kan hanyar birni. Ya tsaya ya leƙo.

“Mi kuke yi nan har yanzu?”

Muka gaya masa. Sai ya sauko ya fara kwance igiya. Mai shayin wurin da wasu ma’aikata biyu suka kama masa, suka jibge buhunan a gindin bishiya. Sai da aka gama na ce masa Rabi ta koma gida, gidansu kuma can ƙarshen gari ne. Ya tambayi ɗaya daga cikin ma’aikatan ƙarfe nawa, ya dubi hanyar cikin gari, ya daɗe yana dubanta.

“In na bi ta, duk ku biyar kun rasa. Ku hau mu tahi.”

Ana jan ƙofa muka isa, muna warin albasa. Mu huɗu muka shiga.

Rabi kuwa ta tarar yayanta ya tafi gona da babur ɗin. Ta dawo da gudu, ba mu, sai buhuna. A kansu ta zauna har Kawu ya dawo bayan azahar, tirela ta riga ta tashi. Ya ce mini ba ta yi kuka ba. Gaishe shi ta yi, ta tambaya ko mun shiga. Da ya ce e, ta yi hamdala ta tafi gida.

Albasar ya sayar da ita a wulaƙance, bai taɓa tayar da zancen ba. Zancen Rabi ne bai bar shi ba. Shekarar da ta biyo baya, mahaifinta ya kwanta, ita ta yi jinya, daga nan sha’awar karatun ta huce. Yau tela ce, tana cikin rufin asiri, ban taɓa jin ta zarge shi ba. Amma a ciwonsa na ƙarshe ya tambaye ni ko da ya bi ta, da mun kai. Na ce da ba mu kai ba. Gaskiyar ita ce ban sani ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Motoci sun ƙaru, amma yara sun fi su ƙaruwa. Yanzu kowa da waya, ɗalibi zai kira direba, direban ya ce ga shi nan kusa, alhali bai tashi ba. Na ji alkawarin sababbin bas har na daina ƙirgawa. Wasu sun zo, an yi musu biki, sun yi wata biyu sun ɓace. A ajina darasin farko rabin kujeru wayam suke, ni ma na gaji da rubuta sunayen waɗanda suka makara, don na san inda suka kwashe safiyarsu. Kawu ba mai dogon ƙorafi ba ne. Ina jin kallon taron kawai zai yi, ya tambaya wa ya fi gaggawa.

Bara na samu ’yar ƙaramar mota. Kullum da safe nakan tsaya a wannan wuri, in tarar da mutum kusan ashirin, ni kuma mutum huɗu zan iya ɗauka. Ina zaɓa, in ja mota, in ga sauran a madubi suna ƙara nisa. Dā na ɗauka alherin Kawu na gada. Ashe har da nauyin da ya ɗauka ranar, shi sau ɗaya, ni kowace safiya.

Allah ya kai haske kabarinka, Kawu. Gobe ma zan tsaya.