Shekarar da Kwamandin Dogo-Dogo Ya Ƙi Wucewa

Lokacin ina tsaron wani magazan na sari, wato ɗakin ajiyar kaya, a Magaria, muna raba wa masu butiki na ƙauyuka sabulu da sukari da man girki. A shekarar ce kamfaninmu ya ba masu bin kasuwanni manyan wayoyi. In mai butiki ya faɗi kayan da yake so, sai a shigar da kwamandinsa a waya, ta aika wa babban ordinata, wato kwamfuta, da ke Damagaram, shi kuma ya ba ni izinin loda mota. In bai amince ba, ko kwali ɗaya ba ni da ikon fitarwa.

Na Magaria da na Waca suna wucewa lafiya lau. Na Dogo-Dogo kuwa, da wasu na Dungas, sai su dawo da jan rubutu cikin Faransanci, wai an kasa buɗe kwamandin. Ba a faɗi dalili ba. Ga kaya jibge, ga azumi ya ƙarato, masu butiki na jiran sukari.

Aka turo mana wani ma'aikaci daga Damagaram, sa'ana ne, dogo mai sanyin magana. Bai san kowa a garin ba, sai na sauke shi a gidanmu. Innata ta ɗauke shi kamar ɗanta, kullum tana mitar ba ya cin tuwo sosai.

Da farko mun zargi rezo, wato rashin sabis na waya. Ranar kasuwar Dungas muka hau kabu-kabu, muka sami gindin wata tsamiya inda waya ke kamawa sosai, muka sake aikawa, ya ƙi. Ya ce wataƙila lambobin kayan ne suka saɓa tsakanin waya da ordinata. Muka bi su, duk daidai. Shi dai ba ya fushi. In abu ya gagara sai ya ajiye wayar, ya ce mu nemi fura tukuna.

Wata rana da hantsi na zauna ina kiran masu butiki ina ba su haƙuri, shi yana gefe yana shan shayi. Da na gama da wata Hajiya ta Dogo-Dogo, na yi tsaki na ce kiran layin Najeriya ya cinye min kiredi. Ya tambaye ni abin da ya kawo Najeriya, na ce mutanen bakin iyaka yawanci layin can suke riƙewa, shi ya fi kama musu.

Ya ajiye kofi. "Malam, duk waɗanda kwamandinsu ya ƙi, layin can gare su?"

Na duba, haka ne.

Ashe wayar kowace lamba karɓa take, amma gurbin da aka yi wa lambar waya a ordinatan Damagaram daidai tsawon ta ƙasarmu ne. In ta fi haka, sai ya watsar da kwamandin gaba ɗaya. Baƙon namu ya kira abokan aikinsa suka faɗaɗa gurbin, washegari motar Dogo-Dogo ta tashi cike. Hajiya ta aiko mana da zabi ta hannun direba, muka ci har da maƙwabta.

Kafin a ga watan azumi ya koma Damagaram. Yanzu in abu ya lalace daga nesa suke gyarawa, ba a turo kowa. Ni ma na bar aikin, na koma noman gyaɗa. Mukan gaisa jefi-jefi. Bara ya ce min babbar ƴarsa ta shiga jami'a.