Ranar da Aga Isfandiyar Ya Shiga Ruwa da Sabon Kwat

Shekara talatin da ɗaya Aga Isfandiyar ya yi yana koyar da kimiyya a wata firamare a Shahrekord, kuma babu ɗalibin da ya taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ba wai ya san komai ba ne. In tambaya ta fi ƙarfinsa, sai ya gyara zaman tabarau, ya yi gyaran murya, ya amsa wata tambayar da ba a yi masa ba. Da ya yi ritaya, hukuma ta karɓe alli da allo, amma ta manta ba ta karɓe bakin ba. Sai ya juyo kan iyalinsa. Matarsa, Furuzan Hanum, takan ce ko shayi ta zuba masa sai ya gaya mata dalilin da ya sa tururi ke yin sama.

A wurinmu, ranar sha uku ga sabuwar shekara ba ma zaman gida. Kowa na kwasar darduma da tukunyar shinkafa ya fita bayan gari, a jefa tsiron alkamar da ya ƙawata teburin biki cikin ruwa mai gudu, mai ɗan jan kifi a kwanon gilashi kuma ya sake shi ya kama gabansa. A shekarar da nake ba ku labari, jikarsa Gulnar, 'yar shekara bakwai, ta ce atafau ba za a saki nata ba. Har suna ta raɗa masa, Rumman.

Aga Isfandiyar ya ga dama ta samu: ga fita, ga darasi. Ya ce akwai gidan ƙyanƙyasar kifin ruwan sanyi a gindin dutse, ruwansa garau daga idon ruwa, ana ba kifi abinci sau uku a rana, can ya dace a kai Rumman.

"Baba-jun, ka yi alkawari ba abin da zai same shi?" in ji Gulnar, don haka take kiran kakanta.

"Na yi. Kin taɓa jin na yi kuskure?"

"Ba a dai taɓa bari ta ji ba," in ji Furuzan Hanum, tana ɗaure tukunya da tsumma.

Ya sa sabon kwat ɗinsa na biki da hular ulu, ya tuƙa su a tsohuwar motarsa, Gulnar na rungume da kwano a baya.

Mai kula da wurin, Mash Kurban, wani ƙaƙƙarfa ne cikin takalmin roba har gwiwa. Yana ganinsu ya dafa ƙirji ya rusuna. Ashe tsohon ɗalibinsa ne. Ya shigar da su ɗakin ƙwai, ya nuna musu faranti-faranti cikin ruwa, ƙwai jajaye kamar duwatsun wuya, kowanne da ɗigon ido biyu baƙaƙe. Daga nan suka fito wajen dogayen kwatamai na siminti, ruwa na gudu a ciki.

"Kowane kwatami da girman kifinsa," in ji Mash Kurban. "Ba ma haɗa ƙanana da manya, saboda..."

"Saboda tsari," in ji Aga Isfandiyar, ya ɗaga yatsa. "Kin gani, Gulnar? Aji ɗaya, aji biyu, har aji biyar. Kifi ma ya san makaranta."

Mash Kurban ya buɗe baki, ya dubi furfurar malaminsa, ya rufe. A wurinmu ba a gyara wa malami magana a gaban jikarsa. "Yadda ka ce, Aga malam. Bari in kawo shayi."

Yana juya baya, Aga Isfandiyar ya zaɓi kwatamin ƙarshe, inda kifaye suka kai tsawon damtse. Ya ce baƙo ƙarami a hannun manya ake damƙa shi, su ne masu hankali. Gulnar ta sumbaci gilashin, ta miƙa masa. Ya tsuguna, ya juye.

Ruwan ya hargitse kamar ya tafasa. Bakuna suka taso ta ko'ina, fal-fal-fal, ɗan jan abu ya yi walƙiya sau ɗaya ya ɓace. Gulnar ta ƙwalla ƙarar da ta tashi tsuntsaye.

Shi kansa yakan ce bai san lokacin da ya yanke shawara ba. Ƙafafunsa ne suka yanke. Sai ga shi tsundum har ƙugu a ruwan da jiya ƙanƙara ne a kan dutse. Tabarau ya faɗi. Kifaye na dukan cinyoyinsa, yana korar su yana cewa, "Kai! Ku zauna! Kowa ya koma wurinsa!" kamar suna ajinsa.

"Ga shi can, Baba-jun! A lungu, jikin raga!"

Rumman ya maƙale a kusurwa, inda ragar waya ta tare ruwa. Aga Isfandiyar ya cire hula ya kamfato shi. Jelar ta rasa rabi, amma yana motsi.

Mash Kurban ya ajiye tire, ya jawo malaminsa waje, ya lulluɓe shi da bargo.

"Abin da na so faɗa ɗazu ke nan, Aga malam. Ko 'ya'yansu suka samu, haɗiyewa suke."

"To me ya hana ka faɗa?" Haƙoransa na kaɗawa.

"Shekara biyu na yi a ajinka, ban taɓa samun inda zan sa baki ba."

Gulnar ta mayar da kifinta cikin kwano, ta share hawaye, ta zo ta tsaya a gabansa.

"Baba-jun, da ma ka san za su cinye shi?"

Ya kai hannu zai gyara tabarau, babu tabarau. Ya yi gyaran murya, atishawa ta fito. Ya duba, amsa biyu ce kawai: ko ya zama mugu, ko ya zama wanda bai sani ba.

"Ban sani ba, 'yar nan. Wallahi ban sani ba."

"Mash Kurban, ka ji da kunnenka ko?" in ji Furuzan Hanum. "Ka zama shaida. Shekara talatin da takwas nake jira."

Gulnar ta yi nazarinsa, sannan ta zauna ta jingina da jiƙaƙƙen bargon. "Ba komai. Amma kai za ka riƙa sauya masa ruwa."

Shekara huɗu Rumman ya yi a bakin tagar gidansu da rabin jela, Aga Isfandiyar na sauya masa ruwa duk Juma'a. Kwat ɗin ya tsuke, bai ƙara shigarsa ba. Bayani kuwa bai daina ba, sai dai duk baƙon da ya tambayi abin da ya samu jelar kifin, yakan nuna ƙirjinsa ya ce, "Wani masanin kimiyya ne ya kai shi makaranta."