Wayar da Aka Yaɓe Cikin Bango

Ko na manta komai na waccan shekarar, ranar da shabaka, wato intanet, ta ɗauke a cibiyar kwamfutar unguwarmu a Mai Wurno ba za ta fita daga raina ba. Ranar ƙarshe ce ta cike takardar neman jami'a, yayata kuma tana cikin layi. Shekarar baya ciwo ya hana ta. In ta sake rasawa, sai baɗi.

Ina ɗaliba a lokacin, na zo hutu ina taya kawuna da ke kula da wurin. Ban iya surutu ba, amma tun ranar da wani injiniya daga birnin Sinnar ya ja wayoyin shabakar nake bin sa da daftari. Kowace waya na ba ta lamba, na rubuta inda ta fito da inda ta nufa. Kawu yakan ce, "Waya ma sai an yanka mata takardar haihuwa?"

Da hantsi komai ya tsaya. Aka kashe na'urar rarraba shabakar aka kunna har sau uku, aka kira injiniya bai ɗauka ba. Kawu ya ce ƙonewa ta yi, a hau mota a sayo wata a Sinnar. Na san kafin a dawo an rufe karɓar takardun.

"Kawu, ba ta ƙone ba," na ce, murya ƙasa-ƙasa. "Fitila ta huɗu ce kaɗai ta mutu."

Daftarina ya nuna waya ta huɗu ta bi bayan ɗaki zuwa eriyar da ke kan rufi, kuma an yi mata haɗi taki ɗaya a ƙasan tagar gabas. Muka zagaya, sai ga bango sumul, babu waya. Ashe jiya aka yi yaɓen shirin damina da laka da kashin shanu, kamar kowace shekara, masu yaɓen suka shafe har da ita.

"Yanzu bangon jama'a za ki fasa, ustaza?"

"Nan kawai, Kawu."

Na auna da hannuna, na kankare da wuƙa. Ga haɗin, ɗanyar laka ta cika shi. Muka goge, rana ta busar, muka sake naɗewa. Fitilar ta kama. Kafin la'asar yayata ta tura takardarta.

Kawu ya kalli ramin ya ce, "Rubuta cewa an yaɓe ta, kada baɗi mu manta."

Tun daga ranar, duk inda na yi aiki, ba na zargin na'ura sai na bi waya, kuma ba na jan waya ban rubuta hanyarta ba.