Fararen Ɓeraye da Ciwon Kawu

Na zaga ƙasashe, na roƙi ruwa da harsuna huɗu, amma abin da ya same ni a Kaduna wajen ƙarshen shekarun 1950 ba zai bar raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina kula da fararen ɓeraye a wani ɗakin bincike. Wani likita Ba'indiye yana yi musu allurar wani maganin hawan jini, ni kuma in ba su abinci, in lura da motsinsu. Ɓeran da jiya yake tsalle, yau sai ka tarar da shi a takure, ido rabi a rufe, jiki na ɗan kaɗawa. Ka ɗora ƙafarsa a kan kara, nan za ta zauna.

A gida kuwa, Unguwar Shanu, kawuna tela wanda ya rene ni ya daina zuwa shagonsa na Babbar Kasuwa. Yana zaune a zaure kamar an dasa shi, fuska ba walwala, hannu na rawa. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ƙyuya. An yi turare, an sha rubutu, shiru. Har an fara maganar sayar da keken ɗinkinsa.

Wata safiya na ɗago wani ɓera, muka haɗa ido. Wallahi kallon Kawu ne sak! Sai na tuna ni da kaina nake karɓo masa ƙwayar hawan jini daga asibiti, don ni ke jin Turanci.

Washegari na kawo wa likita kwalbar maganin Kawu. Ya karanta, ya dafe kai.

"Ai maganin ɓerayenmu ne! Maza kai shi asibiti a canza masa."

Bayan 'yan makonni na ji ƙarar keke daga zaure. Na leƙa, Kawu ya harare ni.

"Kai ja'iri, malamai uku suka kasa, ashe ɓera ne zai gano ni?" Ya miƙo ƙullin gyaɗa. "Ungo, kai wa ɓerayen. Ka ce tela ya gode."

Sai daga baya, a Turai, na ji sunan abin: dofamin, wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ke tayar da jiki, wanda maganin ke ƙarar da shi. Can ma na ga tsofaffi irin Kawu, su ma ana zargin su da ƙyuya.

Tun ranar ban sake kiran wanda ya kasa tashi malalaci ba. Nakan fara tambaya: me yake sha?